Yadda Iya Yalwa Ta Sa Turanci a Waƙar Daka

A gidanmu na Gafasa, idan an gama cire gyaɗa sanyi ya fara shigowa, ba a rasa wuta a ƙofar ɗakin kakarmu, Iya Yalwa. Da an ci tuwo sai mu kwaso kara mu zube mata, ta hura, ta binne gyaɗa a toka, mu kewaye ta muna ture-ture. Muryarta siririya ce, amma idan ta iso wurin waƙa a cikin tatsuniya, har yaran maƙwabta sai sun leƙo ta danga.

Shekarar da nake aji biyar, malaminmu na Turanci, Malam Sabo, ya zaɓe ni in yi wa baƙi maraba ranar raba kyaututtuka. Manya za su zo daga Ajingi, Babanmu ma ya ce zai bar gona ya zo. Murna ta hana ni zama. Na haddace jawabin tsaf, a zuci yana zubowa kamar ruwa, amma da na tsaya gaban aji sai harshena ya yi nauyi, 'yan aji su kwashe da dariya. Malam ya ce idan mako ya zagayo ban iya ba, zai ba wa wata.

Ranar ko gyaɗar ban taɓa ba. Iya ta dube ni ta ce, "Ƙawata, wa ya taɓa min ke?"

Na faɗa mata. Ba ta lallashe ni ba. Ta gyara itace ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso bakin ƙofa." Muka ce ta shigo mu ji.

Wai an yi wata 'yar makiyaya, Daso, da maraƙinta ya bi shanun fatake ya haye kogi zuwa garin da ba a jin harshenta. Ta bi sawunsa har can. Ta san 'yan kalmominsu da ta tsinta a kasuwa, amma duk wanda ta tunkara sai tsoron dariya ya rufe mata baki. Ta laɓe bayan rumbu tana kuka. Can sai ta ji mata suna daka suna waƙa. Ta saurara har waƙar ta zauna mata, ta fara bin su ƙasa-ƙasa, sannan ta fito ta karɓi taɓarya.

A nan Iya ta rera waƙar mutanen ƙetare da wani yare da ita ta ƙirƙira, "Kumbale, kumbale, sarina kumbale," muka ɗauki amshi muna tafi. Ta ce da Daso ta ji muryarta ta shige cikin tasu babu wanda ya juyo, sai ta cire wata kalma ta sa sunan maraƙi da harshensu a gurbinta. Matan suka gane, suka amsa mata cikin waƙar da inda aka ɗaure shi. Kafin rana ta faɗi har hira take da su, ta koro maraƙinta gida.

Iya ta tono gyaɗa ta ce, "Ni ma da na fara kawo nono Kademi, Fulatanci kawai nake ji. A bakin turmi na koyi Hausar nan da nake cika ku da ita. Ke ƙawata, zubo min Turancin naki."

Na faɗi layin farko a hankali. Ta karkata kai, ta ɗora shi kan karin waƙar dakanta, tana buga ƙoƙo da zobe: "Gud moni awa bisito, yu a welikom." Muka faɗi ƙasa don dariya. Ita kuwa ko a jikinta, ta ci gaba, ta ce ni ce mai bayarwa, sauran yara su ne 'yan amshi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina bayarwa suna karɓa, ƙannena suna tsalle, Innarmu ta fito da ludayi a hannu tana rausaya. Sai ga shi na kai ƙarshen jawabin da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba.

Haka muka yi ta yi duk makon. Ina rerawa a hanyar rijiya, ina rerawa ina shara. Daga baya Iya ta ce, "To yanzu sauke karin a hankali, ki bar maganar ta taka da ƙafarta." Na gwada a gaban Malam Sabo. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ni ce zan yi jawabin.

Ranar taro, da na ga rumfa cike da manyan riguna, na daure na fita na tsaya a gabansu. Na buɗe baki, sai layin farko ya fito da karin waƙar daka. Wasu suka yi dariya. Abin mamaki, dariyar ba ta tsinke min magana ba, don na riga na saba da ita a gida. Na yi murmushi, na daidaita murya, na kai ƙarshe. Ana tafi na hango Babanmu a tsaye bayan kujeru, ya cire hula yana ɗaga min ita.

Yau ni ke koyar da Turanci a wata firamare a Gaya. Na daɗe ina ɗauka dabarar hadda Iya ta ba ni. Sai da na fara ganin yara masu amsa a baki suna sunkuyar da kai na gane cewa tun farko ban rasa kalmomi ba. Abin da ya fi ƙarfina shi ne in ji muryata ita kaɗai tana wani harshe a gaban mutane. Iya ta haɗa ni da 'yan amshi har na saba da jin kaina. Shi ya sa idan yaro ya maƙale a ajina ba na cewa ya maimaita. Sai in buga tebur, aji ya ɗauka gaba ɗaya, in riƙa rage masu rerawa layi-layi, har ya rage shi kaɗai yana magana bai ma lura ba.