Kwantaccen Cikin Yaya Dije

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Yaya Dije. Har yau in na ga motar Bulkachuwa, garin da ta yi aure, tana lodi a tasha sai na leƙa, kamar zan hango ta a kujerar baya tana fifita da gefen mayafi.

Ni dila ce. Atamfa da turaren wuta nake sarowa daga Kano, da talla na fara har Allah ya ba ni shago a kasuwar Azare. Abu ɗaya na riƙe a sana'ata: ba na kiran kaya da sunan da ba nasa ba. Ban san wata rana a kan 'yar'uwata za a gwada ni ba.

Yaya ba ta taɓa haihuwa ba. Ita da mijinta Malam Buba sun yi zamansu lafiya, suna noma gero, tana kiwon tumakinta. Da ta doshi hamsin al'adarta ta fara wasa, daga baya ta ɗauke. Tsofaffin unguwa suka ce ciki ne ya shiga ya kwanta, irin wanda ke shekaru yana barci kafin ya tashi. Ta yarda. In zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya keto, sai ta dafa mara ta yi murmushi ta ce, "Ya juya." Har ta sa aka saƙa mata farin majanyi mai bakin shuɗi, ta turara shi, ta ajiye a ƙasan akwati. Da yamma takan zauna bakin gona tana kallon iska na kaɗa zangarniya, tana yi wa cikin hira.

Amma barci ya ƙaurace mata, ta rame. Na ɗauko ta na kai ta asibiti a Azare. Likitar, mace ce mai sanyin murya, ta duba ta, aka yi hoto, ta ce babu komai, shekaru ne suka zo. Ta rubuta mata wata ƙwaya, furojestaron, irin wanda jikin mace ke yi da kansa. Ta ce wasu yana sauƙaƙa musu zafin da rashin barcin, a sha yadda ta faɗa, a dawo ta sake dubawa. Cikin bayani ta ambata cewa a ƙuruciya shi ne ke riƙe ciki. Duk jawabin nan, kalma biyu kawai Yaya ta ɗauka.

Muka dawo shago bayan la'asar, hayaƙin turare yana tashi a hankali tsakaninmu. Ta rungume ledar maganin, fuskarta na haske.

"Kin ji ko, Auta? Mai riƙe ciki ne."

Na san in na yi shiru za ta koma gida da farin ciki. Na kuma san za ta ci gaba da jiran wanda ba ya zuwa.

Na ce, "Yaya, babu ciki. Al'ada ce ta yi sallama. Maganin na barcinki ne."

Ta daɗe tana kallon hayaƙin. Sannan ta ce, "Ke dai bakinki bai iya ciniki ba, ban san yadda kika yi shago ba." Ta share ido. "Na ji likita sarai. Ki bar ni in sallame shi a hankali. Baƙon da ya daɗe ba a tasa ƙeyarsa."

Ta sha maganin, ta koma asibiti yadda aka ce, barcinta ya dawo. Lokacin kaka sai ta zo Azare da majanyin a naɗe, ta miƙa wa 'yata Hauwa da ke da tsohon ciki. Ta ce, "Ya gaji da akwati." Wani zazzaɓi ne ya ɗauke ta daga baya, ba wannan ba.

Yau mata na buga wayar salula gidan rediyo suna kiran zafin da gumin da sunansu. 'Yan talla suna kawo mini man shafawa mai hoton doya, wai shi ma furojestaron ne na asali, daga doya aka yi shi. Ba na karɓa, don ban san abin da ke ciki ba. Mai tambaya nakan ce ta je ta ga likita. Da Yaya na nan, na san dariya za ta yi ta ce, "Doya kuma? Mu da ci muka san ta."

Ba ta bar ɗa ba, Allah ya jiƙanta. Amma majanyin ya goyi 'ya'yan Hauwa, ya tsallaka maƙwabta, shuɗinsa ya koɗe. Jiya na gan shi a bayan wata yarinya cikin keke napep, jariri na barci a ciki, kansa ya langaɓe. Ina kallo ya motsa, sai na ji bakina ya ce, "Yaya, ya juya."