Daturus, Wanda Ke Gab da Bayarwa

Ina aji huɗu a makarantar mishan ta 'yan mata, can bayan layin dogo a Kafanchan, muka kai ga kalmar daturus. Malaminmu na Latin mutumin Kagoma ne, dogo, mai yawan tari. Ya yi shekara shida yana karatun zama fada, wato limamin coci, ya bari, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Ran nan ya rubuta kalmar a allo, ya miƙo mini alli. Na kama, ya ƙi saki.

"Na ba ki?"

"A'a, Malam."

"Na hana ki?"

"A'a."

"To, ni ne daturus. Daga dare ta fito, ba daren Hausa ba, na Latin, wato bayarwa. Mai gab da bayarwa ke nan: hannu ya miƙe, abin bai bar shi ba tukuna. In mace ce, datura. Ita wutsiyar kalmar, mai bayarwa take bi, ba ruwanta da mai karɓa."

Bai rufe baki ba wata mota ta tsaya a bakin ajin. An daɗe ana raɗe-raɗin gwamnati za ta karɓi makarantun mishan, amma sai ran nan muka ga masu karɓar. Su biyu ne, sanye da kwat. Ɗaya ya shiga auna tagogi. Ɗayan ya ɗauki littafina ya jujjuya.

"Wannan yaren su wa ne?"

"Masu shi sun mutu, ranka ya daɗe," in ji Malam.

Mutumin bai yi dariya ba. Ya tambayi cikakken sunan Malam, ya rubuta, suka fita. Malam ya tsaya yana kallon ƙofa har aka buga ƙararrawa.

Mako na zagayowa ya fara zuwa da littattafansa na gida yana raba mana, ba bayani. Ni ƙamus na samu. Ran Lahadi, bayan sujada, na ji matarsa tana tambayar mamata ko ta san mai son sayen awaki.

Da muka dawo hutu gidansa na rufe, ciyawa ta cinye dandamalin ƙofar, Latin kuma babu shi a jadawali. Wasu suka ce an tura shi nesa, wasu suka ce tarin ne ya tsananta. Na yi ƙarfin hali na tambayi sabuwar shugabar makaranta inda Malam yake. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambayi sunana da ajina, ta ce in koma aji.