Butar da Muka Raba a Wurin Biki

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga rai, amma maganar butar nan, muddin ina numfashi, ba za ta goge ba.

Ni dai aikina zayyana ne. A hannun mahaifinmu na koyi rubutun ajami da ƙawata allo. Yayana kuwa, Alhaji, masana'antar roba gare shi, gidansa a Nassarawa GRA. Wata rana ya ce in zana masa butar da ba a taɓa ganin irinta ba. Na yi bismillah na zauna. Na ba ta dogon wuya mai lanƙwasa da faffaɗan gindi, na zagaye cikinta da irin zayyanar allon sauka. Da samfurin ya fito, Alhaji ya yi alƙawarin ina da kaso a duk ƙasar da aka sayar da ita.

Babbar 'yarsa lauya ce. Ta durƙusa ta ce, "Abba, kada kowa ya gan ta sai an yi wa surarta rajista a Abuja. Kuma rajistar Abuja iyakarta Najeriya. Duk ƙasar da za ku kai ta, sai an nema mata kariya a can ma. Idan ta bazu kafin nan, ta tashi daga sabuwa a idon doka."

Alhaji ya yi dariyar manya. "To, Barista! Ni na kai ki makarantar, yau kuma ni za ki karantar. Wa zai saci buta? Buta fa!"

Ana cikin haka bikin ƙanwarta ya taso. Kun san bikin GRA, idan baƙo ya koma gida hannu rabbana, an ci mutuncin zuri'a. Hajiya, matar Alhaji, ta ce ita ba za ta raba bokiti da kofi kamar kowa ba, alhali a gidanta akwai abin da matan unguwar Badawa ba su taɓa gani ba. Aka buga butoci, aka manna musu hoton amarya.

Na ce, "Yaya, maganar Barista fa?"

Ya ce, "Malam, kai dai naka addu'a. Rajista guduwa za ta yi?"

Gaskiyarsa. Rajista ba ta gudu ba, butar ce ta gudu.

Cikin baƙi akwai kawun ango, ɗan kasuwar da ya san hanyar ƙasar Sin fiye da ta masallacin unguwarsu. Ya riƙe butar yana jujjuyawa, yana ta "Masha Allah". Daɗi ya kama Alhaji, ya ce a ƙara masa ɗaya daga kowace kala, kada surukai su ce mun yi rowa. Bawan Allah ya karɓa hannu bibbiyu. Ban taɓa ganin mai godiya irinsa ba.

Kafin azumi ya zagayo, butata ta cika kasuwannin Kano, daga Sin, a kan araha. Ashe kawun ango ya fi mu jin shawarar Barista, ya yi mata rajista da sunan kamfaninsa a can da wasu ƙasashe. Da Alhaji ya tura kayansa na farko waje, wakilinsa ya bugo waya ya ce an riƙe su, wai jabu ne. Ni da na zana ta, na wayi gari ina kwaikwayon kaina.

Barista ta ce ana iya gwada kotu, ko da yake mu muka fara baza ta da hannunmu, ga hoton amarya shaida. Alhaji ya zabura. "Kotu? Da surukina? So kike auren ƙanwarki ya mutu?" Nan maganar ta tsaya, kasona ma nan ya tsaya.

Kwanaki ina alwala a wani masallaci a Tudun Wada, da butar tawa ɗin dai, sai na kusa da ni ya ɗaga tasa ya ce, "Malam, dubi hikimar mutanen Sin! Har zayyanar allo sun iya."

Na ce, "Allah Ya ƙara musu basira."

Abin da na koya shi ne, kyauta ibada ce, amma fasaha amana ce da Allah Ya damƙa wa mutum. A fara kai ta rajista, gida da waje, kafin a kai ta gaban surukai.