Ranar da Gyara Ya Cinye Mana Buhun Wake

Ni ce na kawo shawarar, kuma har yau idan aka tuna da ita a Zumuntar Mata sai an waigo an dube ni ana ƙunshe dariya. A lokacin ina koyarwa a firamare, muna zaune a bayan layin dogo a Kafanchan, unguwar 'yan fansho da gwauraye da masu aikin yini. Babbar kasuwa ba ta da nisa a ido, amma in ka haɗa kuɗin mashin zuwa da dawowa, sai ka ga ya cinye rabin cefanen. Saboda haka kusan kowa a teburin wata tsohuwa yake awo, a bakin layinmu.

Mama mai tebur muke ce mata. Gwauruwa ce da jikoki uku a hannu, teburin nan kuma shi ne gonarta: wake, acca, gari, daddawa, manja a kwalabe. Na yi shekaru ina saya a wurinta ina gunaguni. Ga tsada, ga mudunta ba ya yin tozo, kullum a shafe yake kamar an bi shi da wuƙa. Na sha ce wa maigidana hannun matar nan ko gishiri ba ya zubarwa.

Wata rana na je biki Gwantu, na ratsa ta kasuwa, na tambayi kuɗin wake don neman magana kawai. Da na ji farashin sai da na sake tambaya. Na dawo da zafina, ranar Lahadi bayan sujada na tsaya gaban mata na yi musu darasi kamar ina aji. Mu haɗa kuɗi mu ashirin, a sayo buhu guda mai mudu arba'in, kowa ta ɗauki biyu da araha. Aka yi tafi. Shugabar zumunta ce kaɗai ta ce, "To, ita Mama mai tebur fa?"

Na ce, "Mama shugaba, ai kasuwa ce, kowa da rabonsa." Da bakina na faɗi haka, a harabar majami'a, kuma ina jin kunyarsa har gobe.

Haɗa kuɗin ya ɗauke mu sati uku, kuma a satin ukun nan mata suka daina sayen wake, kowa na jiran na araha. Ina wucewa makaranta ina ganin teburin yana ramewa. Kwalaben manja suka koma biyu, tulin gari ya sauka bai sake tashi ba, don Mama da jikokin sun fara cin jarin. Na gani sarai, sai na koma bi ta ɗaya gefen titi.

Buhu ya iso ranar Asabar. A gabana aka auna shi a Gwantu, arba'in cif. Muka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron majami'a, inda daga kujerarta Mama tana hango mu. Na ɗaura zani, na ɗauki mudu, tunda ni ce mai ilimin lissafi.

Matar Fasto ce ta fara miƙo kwano. To, wa zai shafe wa matar Fasto mudu? Na cika shi ya yi tozo, na tare gefen da hannu yadda masu awo suke yi wa na gida. Ta yi murmushi ta ce, "Malama, babu gyara?" A garinmu awo ba gyara ai zagi ne, sai na ƙara mata tafi guda. Bayanta gwaggon maigidana ce. Bayan ita kuma matar da ta yi jinyata lokacin haihuwar farko. Duk wadda ta zo sai na tarar akwai wani abu tsakaninmu, wadda kuma ta ga tozonta bai kai na maƙwabciyarta ba sai ta dawo a daidaita. Ina ta rabo ana ta sa mini albarka, har na fara jin kaina wata babba.

A kan mace ta goma sha shida mudu ya daki ƙasan buhu. Na zazzage shi, na juya shi ciki waje, ƙwaya bakwai ko takwas suka faɗo tare da wani ƙwaro, aka kwashe da dariya. Saura mata huɗu a tsaye da kwanoninsu, cikinsu har da wata yarinya gwauruwa mai goyo wadda ta zuba kuɗin cefanenta na sati ɗungurungum. Sai gyara goyon take yi. Nan dariyar mutane ta tsaya, ni kuma gumi ya karyo mini.

Babu yadda na iya. Na kwance bakin zanina, na tsallaka titi da ƙafata zuwa teburin da na yi sati uku ina gudu, don in sayi mudu takwas a farashin da na yi wa wa'azi.

"Sannu da zuwa, mai buhu," in ji Mama da irin Hausarta. "Ya ƙare ne? Ai na ga hannu naka tun daga nan. Buhu ba ya sani littafi, Malama."

Ta auna mini takwas, a shafe kamar kullum, na biya na kai wa matan huɗun.

Da za a sayo buhu na biyu, shugaba ta ce ba za ta sake ba ni mudu ba ko da Fasto ne ya roƙa. Aka yanke cewa buhu zai riƙa sauka a ƙofar Mama, ita za ta auna, a ba ta ladan awo daga kowane buhu, kuma a riƙa sayo mata nata kayan teburin a mota ɗaya da namu. Ni aka tura in roƙe ta, wai wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Na durƙusa na yi bayani, ta bar ni a durƙushe har ta gama ɗaure daddawa, sannan ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: in tana awo, kowa ya rufe baki.

Ranar awo na tsaya kusa ina kallon hannunta. Matar Fasto ta samu nata a shafe, ta buɗe baki, Mama ta ɗago ido, matar ta rufe bakin. Gwaggon maigidana ma haka. Nawa kuwa har sau biyu ta bi shi da tafin hannu. Da aka zo kan mai goyon nan, sai na ga mudu ya yi tozo, an tare shi da hannu, an kuma bi shi da tafi biyu, cikin sauri yadda ba kowa ya lura ba. Haka ta yi wa wata tsohuwa mai ciwon ido. Mata ashirin suka samu, har da ragowa a ƙasan buhu.

Da aka watse na ce, "Mama, ashe hannunki ya iya tozo."

Ta kakkaɓe mudun ta kife shi a kan tebur. "Shekara nawa kana saya a wuri na, Malama? Kai mai albashi ne. Gyara na mai goyo, tun da can daga mudu naka yake fitowa."

Na tuna duk gunagunin da na yi wa hannun nan a gaban maigidana, idona ya cika. Na ɗauki wakena a shafe na tafi gida na dafa, ya ishe mu har da na safe. Teburin yana nan a bakin layi, ya cika da kaya, kuma tun daga ranar ban sake roƙonta gyara ba.