Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata

Shekarar da Baturiyar ilmi ta zo Wurno, ina koya wa 'yan mata karatun boko a wani zaure kusa da gidan hakimi. Daga Rabah ta biyo, in ta gama da mu Goronyo za ta. Ta ce bincike take yi kan yadda ƙananan yara ke koyon abu tun ba su isa shiga aji ba, kuma ni za ta koya wa aikin don in ci gaba bayan ta wuce. Ni dai raina bai so ba. Mi za a bincika ga yaron da ko majina bai iya sharewa ba? Amma hakimi ya riga ya ce a kawo yara, wa ya isa ya ce a'a.

Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa, aka zuba wa yara gwangwanaye da karan dawa da 'yan duwatsu. Ka'idarta guda ce. Ki ɗauki yaro ɗaya, ki zauna gefe ki sa mashi ido, kada ki kira shi, kada ki taimake shi. Abin da ido ya gani shi ake rubutawa, ban da abin da zuciya ta raya. In na rubuta yaro ya yi fushi sai ta soke, ta ce fushin na gani ko jifa da gwangwani? Wallahi matar nan ta ci mani rai. Motsi kaɗan sai ta juyo ta ce, Malama, mi kika gani?

Da ta ga hannuna ya fara faɗawa, sai ta ce yau ita za ta zaɓa mani. Ta nuna wata yarinya can bakin tabarma, tana jera duwatsu ita kaɗai. Ɗiyata ce ta fari.

Tun da aka yaye ta uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, ta ɗauke ta kamar yadda aka saba. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. In ta shigo gidanmu sai in sami abin yi a madafa. Haka uwata ta yi da yayana, kuma ba wanda ya ce ƙiyayya ce. To yanzu in buɗe baki in ce wa baƙuwa wannan tawa ce? Ban iya ba. Na ɗauki fensir na zauna.

Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai. Tun da yarinyar ta yi ƙyanda da bazara maganarta ta ragu, har ta kusa ɗaukewa. Inna ta ce miskilanci ne, gado ta yi wurin ubanta. Ni kuwa tsoro nake ko kunnen ne ya tafi. Amma wa zan tambaya? Uwar da ta tsaya bin diddigin ɗiyar fari, kafin la'asar an kai labarin rashin kunyarta bakin rijiya.

Ranar na kalle ta kallon da ban taɓa yi mata ba. Ashe tana da ɗan tabo bayan kunne. Ashe da hagu take ɗaukar abu. In wani yaro ya yi mata magana bakinsa take kallo, ba idonsa ba. Ana cikin haka wata mata ta saki tasa a ƙasa, yara duk suka zabura, ita ko tana nan tana ɗora dutse kan dutse. Na rubuta tasa ta faɗi, ba ta waiwaya ba. Na ce wa kaina ai wasa ne ya ɗauke mata hankali.

Baturiya ta karanta, ta ce abu guda ba ya zama hujja, sai an gwada. Washegari aka zaunar da yarinyar ta ba mutane baya. Baturiya ta ce za a tsaya bayanta a kira sunanta, kuma muryar da ta fi sani ake so. Ta tambaya ina uwarta. Matan da suka rako yara duk suka sunkuyar da kai, ba wadda ta dube ni.

"Uwatta? Ga ni," in ji Inna.

Ta je ta tsaya daf da bayanta ta kira. Yarinya ta juyo. Mata suka ɗauki hamdala, ni ma numfashina ya sauka, sai dai bai kai ƙasa ba, don na ga abin da na gani. Kafin Inna ta buɗe baki, babban yatsan ƙafarta ya taɓa bayan yarinyar. Ban ce da gangan ta yi ba. Mai yiwuwa ta daɗe tana yin haka har ta daina sani.

Baturiya ta juyo kamar kullum. "Malama, mi kika gani?"

Da a ce na ce ta juyo, da shi ke nan, an tashi lafiya, kowa ya koma gida da mutuncinsa. Amma ni zan koma da abin nan a ƙirji har yaushe? Na ce ƙafar Inna ta riga bakinta. Kallon da Inna ta yi mani, har yau ban manta da shi ba.

Baturiya ta ce to gwaji ya ɓaci, a sake. Ta ce ni in yi kiran, daga nesa, kuma kada inuwata ta faɗa gaban yarinyar.

"Uwargida, wagga ba ta kiran sunan ga," in ji Inna tana duban Baturiya.

Baturiya ba ta gane ba, ta tambaya ko ban san sunan ba ne. Inna ta matso ta ce mani a hankali, "Ke ɗiyag ga, ki ji tsoron bakin duniya. Zamna."

Ban zauna ba. Na je na tsaya inda aka nuna mani, ina kallon ƙeyarta da 'yan kitson da ba ni na yi mata ba. Na kira a hankali, kamar yadda ka'ida ta ce a fara. Wata tsohuwa ta yi salati. Na ɗaga murya na sake kira. Sannan na manta da ka'ida, na manta da Inna, na ƙwala mata kira har masu wucewa a hanya suka tsaya.

Kowa a rumfar nan ya ji ni na faɗi sunan ɗiyata, har yaran da ba nasu ba ne sun waiwayo. Ita tana nan ta ba ni baya, tana jera duwatsunta.