Masu Gadi Biyu a Falonmu

Babana ya tsufa yana gadin wata masana'anta a Ilupeju. Daga Damagaram ya zo Legas yana saurayi, a nan ya auri mahaifiyarmu, a nan ya binne ta. Da gwiwoyinsa suka fara gazawa aka sallame shi, sai na lallaɓa shi ya dawo ɗakin da ke kusa da namu, a gidan hayar da muke a Agege. Da ƙyar ya yarda, don a wurinsa zama a ƙarƙashin suruki abin kunya ne. Kwana biyu sai ya ce zai koma gida. Can ɗin kuwa ba kowa sai 'ya'yan ƙannensa da ba su san fuskarsa ba, ga shi da hawan jini. Ni dai na san idan ya tafi, sai dai wata rana a kira ni a waya a yi mini gaisuwa.

Abin da ya riƙe mini shi talabijin ce. Tsohuwar tamu wuta ce ta cinye ta, ranar da aka ɗauke aka dawo da ita da hauka. Maigidana, wanda zai iya haƙura da abinci amma ba zai haƙura da ƙwallo ba, ya daɗe yana tarin kuɗi kafin ya sayo sabuwa, faffaɗa, da lasifikoki masu girgiza kwanuka. Ba wanda ya sa Baba, shi ya naɗa kansa maigadinta. Da an ɗauke wuta zai taso daga tabarmarsa ya zare duk wayoyi daga bango. In an kawo, yaran gidan na ihu, shi kuwa sai ya tsaya yana kallon ƙwan fitila, ya saurari ƙarar fanka.

"Ku dakata," yake cewa. "Kuran ɗin nan bai natsu ba. Ba a buɗe wa baƙo ƙofa sai an ga fuskarsa."

Kuran yake kiran wuta, tele yake kiran talabijin, Legas ba ta taɓa raba shi da bakinsu na Nijar ba. Tun da ya samu wannan aiki maganar komawa gida ta lafa.

Sai wata rana da hantsi aka ɗauke wuta yana cikin alwala. Ya taho da sauri da jiƙaƙƙen hannu, yana kama wayar aka dawo da wuta. Daga kicin na ji faɗuwarsa. Na same shi zaune dirshan a ƙasa, wuta ta ja shi, yana ce mini ba komai. Ranar na yi faɗa kamar zan tsige rufin gidan, na haɗa da talabijin, da ƙwallo, da masu ba da wutar, har da kakanninsu.

Asabar ɗin muka hau motar haya ta danfo ni da maigidana zuwa wani shagon kayan wuta a Abule Egba. Mai shagon ya ajiye mana abu biyu. Ɗaya batir ne mai riƙe wuta, in an ɗauke talabijin ba za ta mutu nan take ba. Ɗayan ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, suna kiransa gad, wato maigadi. Shi ba ya ba da wuta ko ɗis, tsare ƙofa kawai yake: in ta zo da ƙarfi ya hana ta shiga, in ta dawo ya jira ta natsu.

"Oga, wannan batir zai riƙe maka wasa," in ji mai shagon, yana haɗa Hausa da Yarabanci. "Amma ƙarami ne o, in wuta ta zo da wahala ban yi maka alkawari ba."

Ɗaya za mu iya ɗauka a lokacin. Idon maigidana na kan batir, har shafa shi yake. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. In mun ɗauki batir, Baba zai ci gaba da gudu zuwa bango da jiƙaƙƙen hannu. In mun ɗauki gad, an sake sallamarsa daga aiki, kuma ni 'yarsa ce na sallame shi. Tsoro na ji, sosai. Amma na fi son ya yi fushi da ni yana raye.

"Baban yara, gad za mu ɗauka," na ce.

"To wasan fa?"

"Akwai gidan kallo a bakin layi. Uba kuwa ɗaya gare ni."

Da muka jona shi, Baba ya tambayi sunansa. Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon ɗan akwatin, ya ce, "To, madalla. Kun samu maigadi." Washegari na ga ya sauko da jakarsa, ya wanke jallabiyoyinsa, yana tambayar masu goro na kasuwar Agege yaushe mota ke tashi arewa. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi masifa. Ya ce, "Ɗiyata, mutum ba ya zama inda ba shi da aiki."

Ana cikin haka, ranar Lahadi da la'asar, ana shirin wani babban wasa, aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Ƙwan ɗakin maƙwabta ya fashe, fankar wata mata ta hau hayaƙi. Gad ya kunna jar fitilarsa ya ƙi buɗewa. Can wutar ta yi kamar ta lafa, amma shi yana nan a kan ja. Maigidana ya kasa zaune ya kasa tsaye, daga ƙarshe ya durƙusa zai zare gad ɗin ya jona talabijin kai tsaye.

Baba yana bakin ƙofa. Tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga wa surukinsa murya ba sai ranar.

"Malam, cire hannunka! Ya ce a'a, kai kuma za ka tsallake shi?"

Maigidana ya miƙe, kunya ta rufe shi. "Baba, na ga kamar ta daidaita ne."

"Kamar. Haka ogana a masana'anta ke fitowa ya ce mini buɗe, ni na san motar, alhali ban gama dubawa ba. In abu ya ɓace kuma a ce ina maigadi." Ya jawo kujera har gaban ɗan akwatin ya zauna. "Wannan ya san aikinsa. Amma ba shi da baki, a gidan nan kuwa za ku danne shi."

Bai rufe baki ba ƙwan barandarmu ya yi fau ya mutu. Maigidana ya sa hula ya nufi gidan kallo. Baba ya ci gaba da zama har fitilar ta koma kore, sannan ya gyaɗa kai ya ce wa yara su kunna.

Da safe na kai masa koko, na ga jallabiyoyin sun koma kan ƙusa. Ban tambaya ba, na ajiye kwanon na fito na yi hawayena a kicin.

Daga baya mun sayi batir ɗin ma, maigidana ya samu ƙwallonsa. Baba ba ya taɓa waya yanzu. Da an ɗauke wuta sai ya jawo kujerarsa, ya harɗe hannu, ya sa wa gad ido, kuma ba mai kusantar bangon nan sai da izininsa. Duk shekarun da ya yi a Ilupeju ba a taɓa ba shi ko mutum ɗaya a ƙarƙashinsa ba.

Rannan na ji wani tsohon abokinsa mai goro yana tambayarsa a ƙofar gida, "Alhaji, ina maganar tafiya gida?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu, na kasa kunne.

"Da saura," in ji Baba. "Sabon ma'aikaci gare ni. Ba a barin sabo shi kaɗai a bakin ƙofa."