Harbi Ɗaya a Cikin Ƙararrawa

A gidansu har yau ba wanda ya san takamaiman aikinta. Mahaifiyarta tana gaya wa maƙwabta wai walda take yi, ƙannenta kuwa Anti Mai Harbi suke ce mata, sunan ya bi ta har wurin aiki. Ta gaji da bayani. Tsohon ƙarfe take ɗorawa cikin inji, ta harba masa siririn hasken leza ya ƙona ɗan wurin da bai kai tsinin allura ba, injin ya karanta tururin ya faɗi abin da ke ciki: jan ƙarfe kaza, kuza kaza, dalma kaza, har da ɗan burbushin da ke nuna ko narkin dā ne ko na zamani. Ɗakin aikinta ba taga, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta hana ta rabuwa da mura.

Injin bai taɓa ɓata mata rai ba. Mai ɓata mata rai shi ne shugaban gidan kayan tarihi, mutumin da ke lallaɓa kaya kamar ƙwai, mutane kuwa ko oho. Dokarsa ɗaya ce: kowane kaya harbi ɗaya, a wurin da shi ya zaɓa, inda idon baƙo ba zai kai ba.

Sai aka kawo ƙararrawar tagulla. Tsohon malaminta ne ya tono ta tun yana saurayi, da ita aka san shi, yanzu kuma wasu sun fara cewa jabu ce. In injin ya wanke ta, ta koma cikin gilashi da sunansa a ƙasa. In ba haka ba, sai sito.

Shugaban ya kifa ƙararrawar, ya nuna ciki, kusa da baki. Ta leƙa ta madubin ƙara girma, sai ta ga launin wurin ya ɗan bambanta.

"Ranka ya daɗe, nan kamar liƙi ne. A matsa kaɗan mana."

"Nan ko a fasa," in ji shi.

Ta harba. Injin ya faɗi gaskiyar abin da aka nuna masa: dalmar liƙi ce ta zamani.

Ta bi shi ofis, ta tare shi a matakala, ta yi magiyar ya bar ta ta ƙara harbi ɗaya har ta ji kunyar kanta. Ta miƙa masa madubi ta ce ya nemo ramin farko. Ya duba, ya duba, bai gani ba.

"To ka gani? Na biyun ma haka zai zama!"

"Rami rami ne, ko ban gan shi ba. Yau in na ba ki biyu, gobe wani ya ce uku."

Da ta koma gida, maigidanta ya ga fuskarta ya ce, "Yau kuma wa kika harba?" Kallon da ta yi masa ya sa ya kwashi yara suka bar mata falon.

Bayan 'yan kwanaki tsohon malamin ya zo yana dogara sanda. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

"Ciki, kusa da baki?" ya ce. "Ai ni na sa aka liƙe wurin, 'yata. A tsage muka same ta, na ji tsoron kar ta rabu biyu."

Ta riƙo hannunsa har gaban shugaban, ya maimaita. Shugaban ya saurara cikin ladabi, ya sa aka kawo wa tsohon kujera, sannan ya ce magana daban, sakamakon inji daban.

A hanyar fita tsohon ya tsaya gaban gilashin. Ba komai ciki sai da'irar da ƙararrawar ta bari a jikin ƙyalle.

"Injin naki ba ya kuskure, ko?"

"Ba ya yi, Baba," ta ce. "Sau ɗaya kawai aka bar ni in tambaye shi."

Ya gyaɗa kai, ya ce ta nuna masa inda zai hau mota.